Me ya sa ciwon tarwaɗa ba ya ruɓa?

Ɗan Kabawa, Argungu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan. Jiya ina taya tsohona zare kifi daga taru a bakin gulbi, sai na ci karo da wata tarwaɗa mai tabon sara a gadon baya, babba, ya warke tas. Na ce masa ikon Allah, abin da ke kwana cikin taɓo ciwonsa bai ruɓe ba, ni kuwa bara da ƙaya ta soke ni a ƙafa sai da na yi sati uku ina ɗingishi. Ya ce yauƙin jikinta shi ne maganinta, wai su da can in ƙugiya ta yanke su shi suke shafawa. Akwai ƙamshin gaskiya ko dai zancen tsofaffi ne?

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ka gaishe da Baba, ka ce masa ya ci rabin maki.

Inda ya yi daidai: yauƙin jikin kifi ba santsi ne kawai ba. A cikinsa akwai wasu 'yan guntayen furotin masu kashe ƙwayoyin cuta. Furotin kamar carbi yake, ana jera shi da ƙwayoyi iri 20 da ake kira amino asid. Idan carbin gajere ne sai a ce masa feftayid. Waɗannan masu kashe cuta yawancinsu ba su wuce ƙwaya 12 zuwa 50 ba. Kifi na da su, kwaɗo na da su, ƙwari da tsirrai na da su, kai ma da ka yi tambayar akwai su a fatarka da bakinka da hancinka da hanjinka yanzu haka. An tattara sama da iri 3,000 daga halittu daban-daban.

Abin dariya, tambayarka ce sak wani likita ɗan Amurka, Michael Zasloff, ya yi wa kansa. Yana yi wa wasu kwaɗin Afirka aiki yana ciro ƙwansu don wani bincike na dabam, ya ɗinke su ya mayar cikin ruwa mai dauɗa, amma ɗinkin ba ya ruɓa. Ya bi diddigi har ya ciro sinadarin daga fatarsu a 1987, ya sa masa suna magainin, daga kalmar Ibrananci mai nufin garkuwa.

Inda Baba ya kauce kuwa: yauƙin nan kifin aka yi wa shi. In ka kwaso shi ka shafa a naka ciwon, ka kwaso har da ƙwayoyin cutar ruwan gulbi, kuma cikinsu akwai masu cin nama da sauri. Ruwa mai tsabta da sabulu sun fi maka.

Mai Kaji da Kifi, Kalgo:
Malam ni fa ina kiwon tarwaɗa a tanki, kuma ciwonsu na ruɓa ƙwarai. In suka yi yawa ko na yi jinkirin canza ruwa, sai ka ga gyambo ja a jikinsu suna mutuwa. To ina yauƙin ya tafi?

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Yana nan, ƙarfinsa aka fi. Cunkoso da ruwa mai wari suna gajiyar da kifi, ƙwayoyin cuta kuma su ninka. Sannan Ɗan Kabawa wadda ta warke ya gani. Wadda ciwonta ya ruɓe ba ta kai ga tarun Baba ba.

Dattijo, Yauri:
Ku 'yan boko sai abu ya hito bakin Bature kana ku yarda. Tun muna ƙanana in munka yanke, miyau muka tohwa ma wurin. Kare ma lasar mikinai shi kai har shi warke. Wa ya koya mai? Yanzu ku ce muna wanga ma ƙarya ta.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Baba ranka ya daɗe, ba ƙarya ba ce. A miyau akwai histatin, wanda ke kashe irin naman gwarin nan da ke sa harshen jariri ya yi fari fat, yana kuma taimaka wa rauni ya haɗe. Akwai laizozam, shi babba ne ya wuce a kira shi feftayid amma aikinsu ɗaya, yana cikin miyau da hawaye da majina da farin ƙwai. Alexander Fleming ne ya bayyana shi a 1922 daga majinarsa shi kansa lokacin yana mura, shekara shida kafin ya gano fenisilin. Shi ya sa in ka ciji harshenka, kwana biyu uku ya warke, alhali bakin cike yake da ƙwayoyin cuta.

Amma Baba, nan ne gizo ke saƙar. Bakin mutum na ɗauke da ɗaruruwan nau'in bakteriya. A baki zaman lafiya suke yi da mu, a cikin nama kuwa ɓarna suke yi. Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san cizon mutum na cikin raunukan da suka fi saurin ruɓa. Kare kuma kada a bar shi ya lasar wa mutum ciwo ko kusa, ta miyau cutar haukan kare ke shiga.

Dattijo, Yauri:
To ai ban ce a kira kare ba.

Ɗalibar Aliero:
Baba ka ba ni dariya wallahi. Malam, da izininka in ɗan ƙara, don wannan muka yi a zangon da ya wuce. Garkuwar jiki hawa biyu ce. Akwai wadda aka haife mu da ita, akwai wadda jiki ke koya bayan ya gamu da cuta ko an yi rigakafi. Ta biyun ta fi iya saiti, tana kuma riƙe kamannin cuta shekara da shekaru, sai dai a karon farko tana cin kwanaki, har sati ɗaya ko biyu, kafin ta shirya. Ita kuwa bakteriya in ta samu wuri mai daɗi, akwai wadda ke rabewa biyu duk minti 20. Ku lissafa, guda ɗaya tak cikin awa 8 ta haura miliyan 16. Da jiki zai zauna jiran hawa na biyu, da an daɗe da yin sadakar uku.

Waɗannan feftayid ɗin suna hawa na farko. Wasu kullum suna nan a shirye, kamar damsidin da ke fitowa cikin zufa, wanda aka gano a Jamus a 2001. Wasu kuma sai fata ta tsage ko cuta ta taɓa wurin sannan a zubo su da yawa cikin 'yan awoyi.

Ɗan Kabawa, Argungu:
Wato kamar 'yan banga ke nan kafin soja su iso.

Ɗalibar Aliero:
Ka kamo bakin zaren. Har da kiran soja suna yi, domin bayan kisa suna jawo fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin da abin ya faru. Kuma misalin naka ya yi daidai ta wata fuskar da ba ka nufa ba: in suka wuce gona da iri, mai gida suke illatawa. Akwai cututtukan fata da ake samun ɗaya daga cikin feftayid ɗin, LL-37, ya yi yawa, fata ta yi ta kumburi da ja tana saɓa ba tare da wata cuta ta shigo daga waje ba.

Admin:
A yi hattara da misalin nan kada ya kai mu wani zancen. Lafiya muke tattaunawa.

Bakanike, Jega:
Ni abin da ban gane ba, in abin nan guba ne ga ƙwayar cuta, me ya hana shi cin naman jikinmu? Ai acid ɗin batir ba ya tambayar wando na waye.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Madalla da bakanike, da yarenka zan amsa maka. Ka san kan fositib da kan negatib. Feftayid ɗin nan galibinsu fositib ne. Bangon jikin bakteriya ta waje negatib ne, saboda haka yana jan su kamar maganaɗisu. Ƙwayoyin jikinmu kuwa bayansu kusan babu caji, negatib ɗin namu yana ta ciki, kuma akwai kolestarol da ke ƙara wa bangon tauri. To sai su wuce mu su manne wa baƙo.

Bayan sun manne sai siffarsu ta yi aiki. Gefe ɗaya na son ruwa, ɗaya gefen na son maiƙo, kamar yadda sabulu yake. Bangon bakteriya kuwa maiƙo ne. Sai gefen maiƙon ya nutse ciki, su taru su huda shi, abin cikin ya tsiyaye. Tamkar ka soka wa ledar fiya wata ƙusa. Wasu ma ba sa tsayawa a bango, ciki suke shiga su tsayar da aiki.

Manyan gidaje biyu gare su a jikin ɗan Adam. Akwai difensin, wanda masu bincike a Los Angeles suka raɗa wa suna a 1985 bayan sun ciro shi daga fararen ƙwayoyin jini. Mugunyar da kake gani a maruru, yawancinta gawar waɗannan fararen ƙwayoyin ce da suka mutu a fagen daga. A ƙaramin hanji ma akwai wasu ƙwayoyi a can ƙasan lunguna da aikinsu fesa difensin, su ke daidaita wace bakteriya za ta zauna, wace za a kora. Gida na biyu katelisidin, mu mutane guda ɗaya tak gare mu, shi ne LL-37 da ɗalibarmu ta ambata. Lambar 37 yawan amino asid ɗinsa ne.

Bakanike, Jega:
Yanzu na gane. Ashe wayarin ne.

Sista Ungozoma, Gwandu:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo inda ke ci mini tuwo a ƙwarya, ba a zo ba, bari in kawo da kaina. Muna ta zancen kifi da kwaɗo, alhali mafi tsadar wannan kariya a gidajenmu ake matse ta a zubar. Dakashi nake nufi.

Jariri yana fitowa ne hawa na biyun da aka faɗa bai koyi komai ba tukuna, sai ɗan abin da ya samo daga uwa ta mabiyiya. Ruwan nonon farko, mai kauri mai ruwan ɗorawa, cike yake da sojojin garkuwar uwa da laizozam da difensin da laktoferin. Shi laktoferin kama sinadarin ƙarfe yake ya riƙe, bakteriya kuwa ba ta yaɗuwa sai da ƙarfe, sai yunwa ta kama ta. Kuma ya fi yawa a dakashi nesa ba kusa ba a kan nonon da ke zuwa daga baya. Amma sai a ce nono bai yi kyau ba, a bari sai an wanke shi kwana uku, a riƙa ɗura wa yaro ruwan zafi ko madarar shanu da cokali.

Na biyu, farin maiƙon nan da jariri ke fitowa da shi a jiki. Kakanni ba sa samun natsuwa sai sun dirje shi da soso da sabulu, wai kada yaro ya yi ƙarni har girmansa. An auna shi, akwai LL-37 da difensin da laizozam a ciki. Rigar da Allah ya ɗinka masa ce tun daga ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a sa jariri a nono cikin awar farko, wanka kuma a jinkirta shi zuwa awa 24. A goge shi da tsumma mai tsabta a kwantar a ƙirjin uwa, shi ke nan.

Inna Hajiya, Birnin Kebbi:
Sista, ni na haifi tara, duka an zubar da dakashi, an yi masu wanka tun ran farko, ga su nan da 'ya'yansu. Kada ku mayar da iyayenmu jahilai.

Sista Ungozoma, Gwandu:
Inna Allah ya ƙara girma, ya raya zuri'a. Ba jahilai ba ne, abin da suka tarar suka yi, kuma da niyyar kare yaro suka yi shi. Amma Inna ki tuna unguwarku a wancan lokacin, gida nawa ne ba a binne jariri kafin suna ko kafin arba'in ba? Mu a ɗakin haihuwa waɗannan muke gani, masu cibiya ta kumbura, masu zawo a satin farko. Taran da suka rayu ba sa ba da labarin sauran.

Inna Hajiya, Birnin Kebbi:
Tara na ce miki masu rai. Goma sha ɗaya na haifa. Allah ya sa masu ceto ne.

Sista Ungozoma, Gwandu:
Amin Inna. Ki yafe ni in na fama miki ciwo. Ba na ce dakashi ne sanadi ba, wannan sai Allah.

Inna Hajiya, Birnin Kebbi:
Ba komai 'yata. Jikata na da tsohon ciki, zan gaya wa uwarta. Wankan ne dai ban yi alkawari ba.

Mai Haɗin Garkuwa:
Jama'a masu son ƙarfafa garkuwar jiki, akwai haɗi na musamman da zuma da feftayid daga waje, yana maganin infection kowane iri, sanyi, taifot, basir. A yi mini magana ta gefe.

Admin:
Hajiya mai haɗi mun sha faɗa, ba a talla a nan. Wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

Ɗalibar Aliero:
Kalmar da ko awa biyu ba ta yi a zauren nan ba har ta shiga kwalba. Don Allah a lura, feftayid furotin ne. In ka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsire. Zuma kam gaskiya akwai difensin na ƙudan zuma a cikinta, kuma akwai wadda aka tace ake sa wa rauni a asibiti, amma wannan bai mayar da ita maganin taifot ba. Kuma ba a ba yaron da bai shekara ba zuma.

Mai Kemis, Bunza:
To Malamin Lab, ga tambayar ɗan kasuwa. In abin nan yana da ƙarfi haka, shekara kusan arba'in da gano na kwaɗo, me ya sa ba ni da shi a kanta? Mutane na zuwa kullum suna cewa kafso ya daina yi musu aiki.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
An gwada. Daga magainin aka ƙera wani man shafawa don gyambon ƙafar masu ciwon suga, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999 saboda bai nuna ya fi magungunan da ake da su ba. Matsalolin a fili suke: haɗa su da tsada, jiki na saurin narkar da su, wasu gishirin jini na rage musu kaifi, in aka ƙara yawa kuma su fara taɓa namu ƙwayoyin.

Amma akwai danginsu da bakteriya ke yi don yaƙar 'yan uwanta, su an daɗe ana amfani da su. Babbansu kolistin. Shi ma fositib ne, bango yake fasawa. An taɓa ajiye shi saboda yana taɓa ƙoda, sai da sauran magunguna suka fara gazawa aka koma masa. Yau shi ne abin da likita ke ɗaukowa in komai ya ƙi.

Mai Kaji da Kifi, Kalgo:
Tsaya Malam. Kolistin? Wallahi yanzu na duba ledar maganin da nake zuba wa kajina a ruwa, sunan na jiki. Tun suna 'yan tsaki nake ba su, ko ba su da ciwo, haka wanda ya koya mini kiwo ya ce.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
To ka taɓo inda ke hana mu barci. A 2015 aka ba da rahoto daga Chaina cewa an samu bakteriya a jikin aladu da nama da marasa lafiya ɗauke da wani sinadarin gado da aka kira mcr-1. Aikinsa rage negatib ɗin bangon bakteriya, sai maganaɗisun ya daina kamawa. Mugun abin shi ne gadon na tsallakawa daga wannan bakteriya zuwa waccan, kuma an same shi a nahiyoyi da dama bayan nan. Chaina ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙiba. Abin da masu bincike ke tsoro, dabarar da ƙwayar cuta ta koya a kan kolistin a cikin hanjin kaza, irinta take buƙata a kan namu na jiki, tunda duka da caji suke kamu.

Kuma ba matsalar wasu can ba ce. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Mai Kaji da Kifi, Kalgo:
Na ji, amma in na daina suka mutu wa zai biya ni? Kaji ɗari biyar ba wasa ba ne, bashi na ci.

Mai Kemis, Bunza:
Ni ma tawa ke nan. Mutum ya zo da mura ya ce a ba shi Ampiclox guda huɗu. In na ce mura ba ta jin kafso, ya tsallaka shagon gaba ya saya, ya kuma ce ban san aiki ba.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Ba ni da amsar da za ta biya muku bashi. Mai kaji, abin da zan ce ka nemi likitan dabbobi ya tsara maka rigakafi da tsabtar ɗaki, magani kuma sai in ciwo ya zo. Mai kemis, kai ka san gaskiya tunda ka faɗe ta da bakinka.

Bakanike, Jega:
Wani ya taɓa ce mini rana na ƙara garkuwa. In haka ne mu mutanen Kebbi ai sai dai tsufa ya kashe mu.

Ɗalibar Aliero:
Akwai tushe. Fata na haɗa bitamin D da hasken rana, shi kuma bitamin D shi ke kunna LL-37. A 2006 aka nuna cewa ƙwayoyin jinin da ke haɗiye ƙwayar tarin fuka suna bi ta wannan hanyar su kashe ta. Sai aka ɗauka in an raba wa mutane bitamin D za a rage tarin fuka. An gwada a Mongoliya da yara 'yan makaranta sama da 8,000 na tsawon shekara uku, sakamakon ya fito a 2020, bai rage kamuwa ba. Mai tari sama da sati biyu ya je a duba kakinsa, maganin kyauta ne, wata shida ake sha. Kada ya tsaya shanya kansa a rana kamar shinkafa.

Sista Ungozoma, Gwandu:
Tunda an zo kan fata, 'yan uwana mata masu man bilicin, da yawansu akwai sitiroyid a ciki. Yana sa fata ta yi siriri, yana kuma danne wannan kariyar da ake ta bayani. Shi ya sa makero da ƙuraje ba sa rabuwa da mai shafa shi, in aka yi mata aiki kuma ɗinki ya yi ta wahalar kamawa. Na faɗa na fita, kada a jefe ni.

Dattijo, Yauri:
Ɗiyata ba mai jifar ki. Ni dai abin da nig gane, miyau na da magani amma kar a tohwa, yauƙi na da magani amma kar a shahwa. To Allah shi kyauta.

Ɗan Kabawa, Argungu:
Na karanta wa tsoho duka bayan isha'i. Zancen batir ya ce a wuce. Da na zo kan likitan da ke ɗinke kwaɗi sai da ya sa na maimaita, ya ce wato mutum ya yi karatu har ya zama likita ya ƙare a fiɗar kwaɗo. Rabin makin kuma ya ce bai karɓa ba, shekara hamsin yana shafawa ga yatsunsa goma cif. Amma ya ce a tambayi Malamin Lab, in ana sayen yauƙin don bincike, nawa ne kwano?

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Ka ce masa yauƙin ya riƙe abinsa. Tarwaɗar dai a ba direban Argungu ya sauke mini a tasha, busasshiya in da hali.